Gina Rumbun Katako da Hannunmu: Daga Ina Ake Farawa?



Da yawanmu da ke zaune a birane muna aika kuɗin taki da na noma gida kowace damina. Amma da kaka ta yi, sai a sayar da hatsin da arha don babu wurin ajiya, harawa kuma ta lalace a kan rufin ɗaki. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna yadda za mu fara gina rumbun katako, wato babbar rumfa mai ginshiƙai da rufi, wadda za ta ɗauki buhuna da abincin dabbobi.

Irin wannan gini yana da tarihi. A ƙauyen Harmondsworth, kusa da filin jirgin sama na Heathrow a Ingila, akwai rumbun katako da aka gina wajen shekarar 1426, tsawonsa kimanin mita 58, kuma yana tsaye har yau. Ginshiƙansa a kan duwatsu suke zaune, ba a binne su a ƙasa ba. Mu ma ba baƙin aikin itace ba ne. Da azarar giginya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakunan masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Matakin farko shi ne zaɓen wuri. A nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, kuma inda amalanke ko mota za ta iya isa. A fara da ƙarami, kamar mita 4 a faɗi da mita 6 a tsawo, mai ginshiƙai shida. Wanda ya ƙware a wannan, ƙara masa tsawo ba zai ba shi wahala ba.

Na biyu, awo. Idan aka kafa turaku aka ja igiya, a auna mita 3 daga kusurwa a gefe guda, mita 4 a ɗaya gefen. In tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5 cif, kusurwa ta daidaita. Kuskuren da aka yi a ƙasa, a wajen ɗora kwano ake biyan kuɗinsa.

Na uku, itace. Ƙirya da azarar giginya sun fi jure wa gara, maɗaci kuma yana da ƙarfi. A sayi busasshe daga masu izinin sara, domin ɗanye yana tsukewa ya kuma karkace bayan an gama aiki. Kowane ginshiƙi a ɗora shi a kan dutse ko dandamalin kankare wanda ya ɗaga daga ƙasa, a ɗaure shi da ƙarfe saboda iskar farkon damina. Ta ƙasa gara da danshi ke shiga, kuma su ne ajalin katako.

Na huɗu, haɗi. Ana fafe rami a jikin ginshiƙi, a sassaƙe kan katakon da zai gitta ya shige daidai, a huda su tare a soka turken itace. Sannan a tokare kowace kusurwa da gajeren katako a karkace. Tokarar nan ita ke hana ginin jirkicewa. A nan kam a ɗauki kafinta gogagge, matasanmu su tsaya kusa da shi su koya.

Na ƙarshe, tayarwa. Al'ummar Amish ta jihar Fensilbaniya a Amurka ta shahara da taruwa ta tayar da ƙashin rumbu a yini guda. Sirrin shi ne an riga an auna, an yanke, an yi wa kowane katako alama tun makonni kafin ranar. Wannan ai gayya ce, wadda muka gada daga iyayenmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke da niyya ya sayi itacensa da kaka, a yi sassaƙa cikin hunturu, a sa ranar gayya lokacin da muke gida hutu, a rufe kafin ruwan farko. Allah Ya ba mu iko, Ya sa albarka a abin da za mu ajiye.