Agege: Sunan Gari, Goro da Tashar Jirgi

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

Kowa a ɗakin nan ya san labarin da ake bayarwa game da sunan Agege: wai Hausawa ne suka zo suna sare itatuwa domin a buɗe gonaki, Yarbawa suka riƙa kiran wurin da garin masu saran itace, "a ge igi" a harshensu, har baki ya murɗe shi ya koma Agege. 'Yan jarida na maimaita shi, jami'an gwamnati na karanta shi a wajen biki, mu ma muna tafa musu saboda an ambace mu. Ni ban yarda labarin ya isa a kira shi tarihi ba, kuma ina ganin ya fi cutar da mu fiye da yadda yake amfanarmu. Ƙasar nan ta Yarbawan Awori ce, mutanen da ke danganta asalinsu da Isheri, kuma Orile Agege ta zaunu tun kafin a dasa goro ko ɗaya na kasuwa a nan. Sarautar Orile har yau Alayige ake ce mata, wato mai Ayige, sunan da ya girmi zancen gatari. Wanda ya kafe a kan labarin masu saran itace ya ɗauke wa Awori tsufan garinsu, mu kuma ya mayar da mu leburori kawai, alhali abin da ya kawo kakanninmu nan fatauci ne.

Fataucin kuwa na goro ne, kuma a nan zan daɗe. Shekaru aru-aru Bahaushe yana cin goron da ba ya tsirowa a ƙasarsa. Ayari kan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, a yi watanni a hanya zuwa Gwanja, a sayo goron Asante a kasuwar Salaga. Yaƙin basasar da ya rusa Salaga a 1892 ya karya wannan hanya, fatake da dama suka karkata ga teku, ana ɗauko goro daga gaɓar Gold Coast ana saukewa a Ikko. Yarbawa suna da nasu goron tun asali, abata, wanda muke kira hannun ruwa, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, amma ba shi Kano ke nema ba. Kano na son mai ɓari biyu, wanda Yarbawa har yanzu suke kira gbanja, wato sunan Gwanja ne ya biyo shi. Manoman Agege da Otta suka lura cewa wannan goro yana karɓar ƙasarsu. Jacob Kehinde Coker da abokansa, waɗanda suka kafa ƙungiyar manoma ta Agege Planters' Union a 1907, da koko suka yi suna a Ifako da kewaye, amma da koko ya fara gajiya a wannan yanki sai goro ya maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya riga ya ratsa nan, domin an buɗe layin Ikko zuwa Badun a 1901, kuma zuwa 1912 an haɗa shi da Kano. Tafiyar da ta kan ci watanni ta koma ta kwanaki. Babatunde Agiri ya bi wannan tarihi na goro a ƙasar Yarbawa dalla-dalla, kuma abin takaici ne a ce aikinsa ya fi sanuwa a jami'o'in waje fiye da Zangon Agege.

Ku dubi abin da sana'ar ke buƙata, sai ku gane dalilin da ya sa Zango ya kafu. Goro kaya ne mai rai, ba ya jure sakaci. Mata su ɓare shi, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya, a ware marsa daga minu, fari daga ja, a fitar da duk wanda sankara ta taɓa domin kada ya harbi sauran. A jera shi cikin ganye, a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana canja ganyen idan ana so ya kai ya zama daushe. Wannan aiki ba na mai wucewa ba ne. Dole a sami mai gida da zai sauki baƙon falke, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashi, da dillalin da zai ci la'adarsa, da malamin da zai rubuta wasiƙa zuwa Kano, da sarkin da zai raba gardama. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun cikin littafinsa na 1969, kuma duk dattijon goro a nan zai gane gidansa a ciki. Kuɗin goro ne ya gina masallatai da makarantun allo na Zango, kuma da Shehu Adam Abdullahi al-Ilori ya ɗauko makarantarsa ta Markaz daga Abeokuta, inda ya kafa ta a 1952, ya kawo ta Agege, ya tarar da garin da ya riga ya san darajar karatu.

Wasu abokan aikina za su ce labarin baka ma hujja ne. Haka ne, amma hujja ake aunawa, kuma wannan bai ɗauki awo ba. Wasu kuma na tsoron kada tono tarihi ya tayar da rikicin ɗan ƙasa da baƙo. Tarihin da nake magana a kai na manomi Bayerabe ne da falke Bahaushe da suka yi shekara fiye da ɗari suna riƙe amanar juna, suna rayuwa a kanta, don haka ban ga abin tsoro ba.

Ƙorafina ga hukuma tsoho ne. Idan aka tashi lissafa wuraren gani a Jihar Legas, wadda Agege ta shiga a 1967, sai a tafi Badagry da Lekki, a bar mu da burodi da cunkoson Pen Cinema. An buɗe gada a can a 2021, an yi sabuwar tasha, jirgin Red Line yana tsayawa, duk muna godiya, amma ban san allo ko ɗaya da ke gaya wa fasinja abin da aka riƙa lodawa a wannan layi ba. Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. A kafa allo a tasha da Yarbanci da Hausa da Turanci. Fadar Sarkin Hausawa ta tara wasiƙun ajami da littattafan bashi na gidajen goro kafin gara ta gama da su, a ɗauki hotonsu a ajiye. Ɗalibanmu na jami'a su ɗauki muryar dattawan Zango da na Orile da mahautan Oko-Oba, kowane ɓangare da harshensa, kuma ƙaramar hukuma ta sa kuɗin aikin cikin kasafin shekara mai zuwa.