Kaska da masassarar kare

Yau zancen kare za mu yi. Kada ku yi dariya. Mai tumaki a daji ya san aikin da kare ke yi mashi in dila ya zo da dare.

Kun san kaska, wadda ke maƙalewa cikin kunnen kare da tsakanin yatsunshi. Ba jini kaɗai take sha ba. In ta ciji kare maras lafiya, sai ta ɗauki ƙwayar cuta ta kai ma wani. Ƙwayar ƙarama ce, ido ba ya ganin ta. Likitocin dabbobi suna ce ma ciwon erlikiyoz. A ƙasar Aljeriya aka fara gano shi, a shekarar 1935.

Sati 1 zuwa 3 bayan cizo, sai masassara ta kama kare. Jikinshi ya yi zafi, ya ƙi abinci, ya kwanta. Wani har haɓo yake yi, dasashinshi ya yi fari.

Ku saurara da kyau nan. Bayan ƴan kwanaki kare yakan tashi, ya ci, ya yi haushi. Mai shi ya ce ya warke. Sau da yawa bai warke ba. Ƙwayar ta ɓuya cikin saifa. Wata da watanni tana nan. In ta taso, ɓargo take kamawa, jini ya ƙare, kare ya rame ya mutu.

Akwai magani, sunanshi dokisisikilin. Ku je wurin ma'aikacin dabbobi, shi zai auna gwargwadon nauyin kare. Kwana 28 ake ba shi, kullum. Masassara kan sauka cikin kwana 2 ko 3, amma kada ku tsaya. Ku cika 28 ɗin.

Kaska kuwa, cikin tsagar bango take ƙwai, dubbai. Ku yaɓe tsaga, ku share makwancin kare. Wadda ke jikinshi, ku kama ta dab da fata, ku ja a hankali, ku jefa wuta. Kada a murje ta da yatsa, don wata kaska tana sa ma mutum masassara. Kada a zuba ma kare maganin ƙwarin gona, guba ne.

Karen da ke dalala yana cizon komi, wannan wani ciwo ne dabam, hauka. Kada kowa ya taɓa shi. A tsare yara, a gaya ma maigari da ma'aikacin dabbobi nan take.