Rabon Naƙasassu a Harkokin Gari: Hidimar da Ta Dace da Tebaram da Arewacin Adar



Gabatarwa

Wannan takarda ta taƙaita ne ga manyan mutane masu naƙasa, wato makaho mai iyali, da gurguwa mai 'ya'ya, da kurman da ya isa aure, da wanda kuturta ta taɓa wa yatsu, da mai farfaɗiya. An fi yin taro kan yara da makaranta, kuma hakan daidai ne. Sai dai yaron yana girma, kuma ranar da ya girma yakan tarar babu wanda ya tanadar masa gurbi a gona, ko a kasuwa, ko a wurin da ake yanke shawarar gari. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: dokokin da Nijar ta kafa domin naƙasassu masu kyau ne, amma an yanka su daidai jikin birni. Sai mun nemo kwatankwacinsu a cikin harkokin karkara kafin su amfani mutumin Tebaram.

Mutum nawa ake magana a kansu

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen Nijar suna da naƙasa, wato sama da mutum 700,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ce kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke rayuwa da naƙasa. Wannan tazara tana nuna cewa akwai waɗanda mai ƙidaya bai gani ba, domin sau da yawa iyali ba sa ambaton wanda ke kwance a ƙuryar ɗaki. Ƙaramar hukumar Tebaram, da ke yamma da birnin Tawa, ta haura mutum 50,000 a waccan ƙidaya. Ko da ƙaramin ma'aunin muka ɗauka, lissafi zai ba mu kimanin mutum 2,000 a wannan ƙaramar hukuma kaɗai, ban da na Takanamat, da Afala, da Barmu, da Bambai, da Kalfu.

Abin da doka ta tanada

Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 kan kare haƙƙin naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-62, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin shigar da su cikin al'umma. An keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, an sauƙaƙa musu kuɗin asibiti, kuma ana raya ranar 31 ga Yuli kowace shekara a matsayin ranarsu ta ƙasa. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da ƙungiyar makafi ta UNAN, da ƙungiyar kurame, sun sha gwagwarmaya kafin a samu waɗannan abubuwa, kuma sun cancanci yabo.

To amma mu dubi kason nan na kashi 5 cikin ɗari. Ya shafi ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye. A Yamai wannan magana tana da ma'ana. A ƙauyukan Tebaram ma'aikata nawa ce ke biyan mutum 20 albashi? Aikin da ke nan shi ne noman hatsi da wake, da kiwo, da cin kasuwa, da aikin gyaran ƙasa lokacin rani. Haka nan sauƙin kuɗin asibiti yana amfanar wanda ya isa asibitin ne, da takardunsa a hannu. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai samu katin ɗan ƙasa ba, wanda ba shi da katin kuwa ƙofofi da yawa a rufe suke gare shi. Tsoffin makarantun makafi da kurame na ƙasar a Yamai aka fara kafa su, wuraren ƙera ƙafar roba da aka fi sani suna asibitocin Yamai da Damagaram, asibitin kuturta na Danja kuma yana kusa da Maraɗi. Duk waɗannan tafiya ce mai nisa da tsada ga mutumin da ko zuwa Tawa sai ya biya kuɗin mota na mutum biyu, nasa da na ɗan jagora.

Yanayin arewacin Adar

Abubuwa uku ne suka bambanta wannan yanki. Na farko shi ne bida. Da an gama girbi, majiya ƙarfi sukan kama hanyar Abijan, ko Libiya, ko Nijeriya. Gida ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi sai naƙasassu. Wanda yake ɗaukar gurgu zuwa masallacin Juma'a ya tafi, sai a cire yarinya daga makaranta ta zama 'yar jagorar kakanta. Amma wannan yanayi yana da wata fuska da ba mu cika dubawa ba: naƙasasshen da bai tafi bida ba shi ne mazaunin gari na dindindin. Shi ya fi dacewa ya riƙe makullin bankin cimaka, ya karɓi kuɗin ruwa a famfo, ya kula da injin niƙa, domin rani da damina yana nan.

Na biyu shi ne ƙasar kanta. Rairayi ne da duwatsu, rijiyoyi masu zurfi, ƙauyuka a warwatse. Keken guragu da aka ƙera domin kwalta yana nutsewa cikin yashi, in taya ta fashe ko sarƙa ta tsinke a jingine shi a bayan ɗaki. Ga mutane da dama a nan, jaki da amalanke sun fi keke amfani, domin suna kai mai su kasuwa kuma su samo masa kuɗin dako.

Na uku shi ne rashin tsaro. Tun bayan kisan da aka yi a ƙauyukan yankin Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, inda mutum 137 suka rasa rayukansu, kowa ya san abin da gudun hijira ke nufi a arewacin jihar Tawa. In gari ya watse, wanda ba ya gani da wanda ba ya tafiya su ake bari a baya, kurma kuma ba ya jin gargaɗi. A wurin rabon agaji ma, mai ƙarfin turereniya ne ke kaiwa gaba.

Abin da muka gada

Ba daga waje za mu koyi cewa naƙasasshe mutum ne mai matsayi ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha wakilta shi a kan garin in zai yi tafiya. A ƙasar Hausa, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙoƙinsa na Imfiraji har yau ana karanta su a jami'o'i. Garuruwanmu sun daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima da isar da koke ga fada. A Kano, waɗanda shan-inna ta naƙasa sun kafa ƙungiya suna ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunsu suna sayarwa.

A Nijar ma muna da abin tinƙaho. Asusun Mata Masu Dubara ya faro ne a jihar Maraɗi a 1991, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984, ya nuna abin da mutanen Adar, musamman mata, ke iya yi da gangaren da ya mutu. Tambayar ita ce: cikin waɗannan tsare-tsare namu, ina gurbin naƙasasshe? Sadaka ibada ce, ba mai hana ta. Amma in bara ita ce kaɗai sana'ar da muka bar wa makaho, mun tauye shi, mun kuma tauye garin da ya rasa basirarsa.

Hidimar da ta dace

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2010 kan kula da naƙasassu a cikin garuruwansu, ta gina shi kan lafiya, da ilimi, da sana'a, da zamantakewa, da ƙarfafa murya. Ga yadda nake ganin za a sauko da shi Tebaram.

1. Rajista ƙauye-ƙauye. Hakimi da liman da wakilin naƙasassu su zauna su rubuta kowa da irin lalurarsa da abin da ya iya. A haɗa wannan da zaman alƙali na tafi-da-gidanka domin ba da takardun haihuwa.

2. Ma'aikacin gari. A kowane rukunin ƙauyuka a horar da mutum ɗaya, in da hali naƙasasshe, ya koya wa sabon makaho tafiya da sanda, ya nuna wa iyalin mai shanyewar jiki yadda ake motsa gaɓoɓi da juya majinyaci, ya bi mai farfaɗiya kada maganinsa ya yanke. A ba shi ɗan alawus daga kasafin ƙaramar hukuma, domin aikin sa-kai zalla ba ya ɗorewa.

3. Kashi 5 cikin ɗari na karkara. Duk aikin gina-ka-ci, ko na haƙa ramukan rabin-wata da tassa, a keɓe wa naƙasassu wannan kaso. Wanda ba ya iya riƙe diga yana iya kiran suna, da tsaron kayan aiki, da renon itatuwa a gandu. Haka a rabon filin noman rani, da awakin tallafi, da rumfunan kasuwa.

4. Asusu ɗaya da kowa. Kada a ware wa mata naƙasassu asusu na daban. Su shiga na unguwarsu, su zuba, su ci bashi, su biya. A nan ne ake sanin mutum da amana, kuma a nan ne ake gayyatarsa biki da suna.

5. Gyara a kusa. A horar da masu walda da masu gyaran babur na kasuwannin yankin su iya gyaran keke da sanda. Likitan ido da mai ƙafar roba su riƙa zuwa ranar kasuwa, a sanar tun da wuri ta rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci.

6. Ƙofa da hanya. Kowane sabon aji, da ɗakin shan magani, da masallaci, da famfo, da makewayi, a yi masa gangara da ƙofa mai faɗi tun wurin gini. Kuɗin hakan kaɗan ne in an sa shi tun farko.

7. Shirin gudun hijira. Kowane ƙauye ya san wa zai ɗauki wa in ta ɓaci, kuma masu rabon agaji su kai wa marasa ƙarfi nasu har inda suke.

8. Kujera a wurin shawara. Kwamitin ruwa, da na makaranta, da na lafiya, da zaman tsara shirin raya ƙaramar hukuma, kowanne ya kasance da naƙasasshe, mace ko namiji, mai cikakkiyar ƙuri'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Mafi yawan waɗannan shawarwari ba sa jiran kuɗin waje. Rajista, da kaso a aikin gina-ka-ci, da kujera a kwamiti, shawara ce da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma za su iya yankewa a zama ɗaya. Ina roƙon Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta tura ɗalibanta su taimaka wajen rajistar, malamai su ɗauki maganar a huɗuba, 'yan bida kuma su sa naƙasassun garinsu cikin ayyukan da suke aiko wa kuɗi. In ranar 31 ga Yuli ta zagayo, kada mu tsaya ga lissafin kekuna da buhunan da aka raba. Mu tambayi kowane ƙauye: naƙasassu nawa suka samu takardunsu, nawa ke cikin asusu, nawa aka biya ladan aiki, nawa suka yi magana a taron gari aka yi aiki da abin da suka faɗa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko hidimarmu ta isa inda aka nufa.

 Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.