Jawabi A Kan Daɓen Ɗakin Zane

 

Maganar yau a kan daɓen ɗaki ce. Ana nufin ɗakin da mutum ya ware a gidansa don sana'ar zane. Wani yana rubuta allon kanti da fenti. Wata tana zanen ƙwarya. Wani kuma zanen hula yake yi, ko rinin zane. Duk suna son daɓe mai arha, wanda mutanen gida za su iya yi da hannunsu.

Kafin a sayi komai, mai sana'a ya tambayi kansa: me yake zuba a ƙasa in yana aiki? Amsar ita za ta zaɓa masa daɓe.

In aikin busasshe ne, kamar zanen hula ko na ƙwarya, daɓen gargajiya ya isa. Kayansa suna nan a ƙauye. A kawo burji, a baje shi daidai, a yayyafa ruwa, a yi ta dukansa da madaɓi har ya kwanta. Wannan aiki ne da mata suka saba yi da gayya, ana duka ana waƙa. Daga nan sai makuba. Ita makuba ɓawon ɗorawa ce da ake jiƙawa a ruwa. A riƙa yayyafa ruwanta ana ƙara duka. Ita ce ke sa daɓe ya yi tauri, ya yi duhu, ya daina tayar da ƙura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zane, domin ƙura tana ɓata farin yadi. A tanadi ɓawon tun bazara, lokacin da ake ciro ɗorawa. Kuma a yi daɓen da rani, don ya bushe sosai.

Mai zanen ƙwarya yana aiki da ƙarfe mai zafi da garwashi. Daɓen ƙasa ba ya jin tsoron wuta. Nan ya fi ledar ɗaki nesa ba kusa ba.

Mutane da yawa suna sayen leda don tana da kyaun gani. Amma garwashi ɗaya ya faɗa mata, ta huje. Ƙafar benci tana yaga ta. In ruwa ya zuba, sai santsi. In kuma an shimfiɗa ta a kan daɓen da bai bushe ba, danshi yana taruwa a ƙarƙashi, gara ta samu wurin zama. Kafet ma a bar shi a falo. Fentin da ya shiga cikinsa ba ya fita.

In aikin mai ruwa ne, kamar fenti ko rini, to sai siminti. Daɓen ƙasa yana shan ruwa, yana yin laushi. Siminti kuwa ana wanke shi. Ga ma'auninsa: kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi mai tsabta. Kauri ya kai inci 2. Ɗaki mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, zai ci kamar buhu 4 zuwa 5.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ƙara yashi don siminti ya auku. Daɓen zai fashe, kuɗin ya tafi a banza. Abin da ya fi shi ne a raba ɗakin. A yi siminti a kusurwar da ake aikin ruwa kaɗai, sauran a yi daɓen makuba. A ba simintin ɗan gangare zuwa rariya. Ruwan rini ya bi ta nan zuwa rami mai murfi, nesa da rijiya, domin sodar rini tana ƙona fata, ga yara suna yawo ba takalmi. Kada a goge saman ya yi sumul ƙwarai, saboda santsi.

Bayan an gama, akwai sauran aiki. Siminti yana bukatar ruwa kafin ya yi ƙarfi. Daga washegari a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. A rufe shi da tsofaffin buhuna don ya riƙe danshi. Sai bayan haka a shigo da benci da gwangwanayen fenti.