Jawabin Taron Shekara: Hoton Da Ya Fita Ba Da Yardar Mai Shi Ba

 An gama maganar adashi da riba, ni kuma wayar da ke hannunku zan taɓo.

Manyanmu za su tuna 2007, lokacin da bidiyon wata 'yar fim ya ɓulla a Kano. Ba zan kama sunanta ba, an kama ya isa. Daga waya zuwa waya aka riƙa tura shi ta Bluetooth. Ita aka kora daga sana'a, ita ta ɓuya. Dubban da suka yaɗa kuwa, babu wanda ya ce musu uffan.

Yau akwai doka. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ce a sashe na 24 duk wanda ya tura batsa ta waya ko kwamfuta da saninsa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Wanda ya yi barazanar zubar da mutuncin mace don ya tatsi kuɗi, nasa shekara 5 ne, ko tarar miliyan 15 zuwa sama. Idan hoton ƙaramar yarinya ne, ajiye shi a waya kaɗai laifi ne. Babbar Kotun Tarayya ke sauraron waɗannan ƙararraki, kuma tana nan Gusau.

To, ga inda abin ya shafe mu. Dokar ba ta tsaya kan tsohon miji ko saurayin da ya fara sakin hoton ba. Ke da kika tura wa ƙawarki a WhatsApp kina rubuta "innalillahi, dubi 'yar wance", kin tura. Salatin ba zai cire ki ba.

Idan 'yarki ce abin ya faɗa wa, don Allah kada duka ya zama farko. Tsoron duka ne ke sa yara su yi ta biyan azzalumi a ɓoye. Kada a ba shi ko kwabo, gobe zai dawo. Kada a goge saƙonninsa da lambarsa, su ne shaida. A nemi lauya kafin a je wurin 'yan sanda, kuma kada ta tafi ita kaɗai.

Mai kai waya gyara kuwa, ta cire memori tukuna, ko ta tsaya a gyara a gabanta.