KUNYA TA MAI LAIFI CE

Jawabin wayar da kan jama'a ga shugabannin al'umma a Jalingo, Jihar Taraba, a kan tsayawa tare da waɗanda aka yi wa fyaɗe



Maganar da wannan jawabi ya ƙunsa magana ce mai nauyi a baki, irin wadda aka saba sassauta murya idan za a faɗe ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar ita ce fyaɗe, da kuma irin kallon da jama'a suke yi wa wanda wannan masifa ta faɗa wa. Manufar jawabin guda ɗaya ce, watau a gane cewa kunyar wannan laifi tana wuyan wanda ya aikata shi, kuma duk garin da ya ɗora ta a kan wadda aka zalunta ya zama mataimakin azzalumi ko da bai sani ba.

GIRMAN AL'AMARIN

A cikin shekara ta 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da taimakon Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Binciken ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka sami wani taimako daga cikinsu kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Har wa yau binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekara ta 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba.

A cikin watan Yuni na 2020 Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya bayyana cewa an kai musu ƙarar fyaɗe 717 tsakanin Janairu da Mayu na wannan shekara. A lokacin ne aka kashe wata ɗalibar Jami'ar Benin bayan an yi mata fyaɗe a cikin coci, aka kuma kama mutum 11 a Dutse ta Jihar Jigawa bisa zargin lalata yarinya 'yar shekara 12. Hankalin ƙasa ya tashi, har gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Mai hankali ya san cewa abin da ya isa caji ofis kaɗan ne daga cikin abin da ya auku. Sauran yana binne a cikin ɗakuna, an rufe shi da kalmar rufin asiri.

AWA 72 DA AKE ƁATAWA

Ga yadda abin ya saba gudana. Yarinya ta komo daga talla ko daga rafi tana kuka. Uwa ta gane abin da ya faru, ta ja ta ɗaki, ta dafa ruwa ta yi mata wanka, ta wanke tufafin ko ta ƙone su. Uba ya dawo da dare, aka yi shawara, aka ce kada kowa ya ji, domin in maganar ta fita wa zai aure ta? Kwana uku ya wuce, mako ya wuce. Sai zazzaɓi ya kama ta ko ciki ya bayyana, sa'an nan a tuna da asibiti.

Iyayen nan ƙauna ce ta sa su yin haka, amma ya kamata a san abin da aka yi hasara a cikin waɗannan kwanaki. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, wanda ake sha kullum har kwana 28, amma tilas ne a fara shi kafin awa 72 ta cika, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda ke aiki a cikin kwana biyar kaɗai. Akwai allurar rigakafin ciwon hanta, da maganin cututtukan sanyi, da ɗinkin rauni kafin ya ruɓe. Sa'an nan shaidar da likita zai samu a jiki da tufafi, wadda alƙali zai dogara da ita, ruwan wankan nan ya tafi da ita.

Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a garzaya asibiti tun kafin wanka. A naɗe tufafin a cikin takarda ko tsumma mai tsabta, kada a sa su a leda, domin gumi yana ɓata shaida. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, ban da asibitocin ƙananan hukumomi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda kuwa kwana uku ya riga ya wuce masa, kada ya ce lokaci ya ƙure, domin akwai sauran magani da shawara da likita zai bayar.

MAGANGANUN DA KE RUFE BAKI

Abin da ke sa iyaye ɓoyewa shi ne tsoron bakin mutane. Lalle ne a dubi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, akan ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A tambayi me ya kai ta, me ta sa, me ya fitar da ita da magariba. Karin maganar nan yana da wurinsa, amma ba nan ba. 'Yar Adam ba daddawa ba ce, namiji kuma mai hankali ne da Allah zai tambaye shi aikinsa. An yi wa jarirai fyaɗe, an yi wa tsofaffi, an yi wa mata a cikin hijabi a tsakar ɗakinsu. Wane wari waɗannan suka yi?

Na biyu, akan ce ta lalace. Abin da aka ƙwace da ƙarfi ba ya rage darajar mai shi. Wanda 'yan fashi suka tare a hanya ba a kiransa ɓarawo, jaje ake yi masa. Yarinyar da aka zalunta tana nan da mutuncinta, da haƙƙinta na komawa makaranta, da na yin aure kamar kowace 'ya.

Na uku, akan ce ai baƙo ne ke yin haka. Sau da yawa mai laifin sananne ne: maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko mai shago, ko malamin da aka ba amana, ko uban gidan da take yi wa aiki. Shi ya sa yaro yakan ji tsoron faɗa, shi ya sa kuma in ya faɗa akan ƙaryata shi.

Na huɗu, akan ɗauka cewa namiji ba a yi masa. Ƙididdigar da aka ambata a sama ta ƙaryata wannan. Yara maza, musamman almajirai da masu kwana a tasha da kasuwa, suna cikin haɗari, kuma bakinsu ya fi na mata rufuwa saboda tsoron dariya.

ABIN DA ADDINI YA KOYAR

Mutanen Taraba masu riƙo da addini ne, Musulmi da Kirista, kuma babu ɗaya daga cikin addinan biyu da ya goyi bayan zargin wadda aka tilasta. Malaman mazhabar Malikiyya sun tabbatar cewa babu haddi a kan matar da aka tilasta, hukuncin yana kan wanda ya tilasta ta, kuma Imam Malik ya ɗora masa biyan sadakin irinta bayan hukunci. Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai jifar kamilar mace da ƙazafi ba tare da shaidu ba. Mai yawo da sunan yarinya a majalisa da bakin rijiya sai ya auna kansa da wannan.

A cikin Littafi Mai Tsarki, sura ta 22 ta Kubawar Shari'a ta kwatanta budurwar da aka kama a jeji da mutumin da aka tasam ma aka kashe, watau ba ta da laifin kome. Littafin Sama'ila na biyu kuma, sura ta 13, ya kawo labarin Tamar, wadda ɗan ubanta Amnon ya ci zarafinta. Wanta Absalom ya umarce ta ta yi shiru, ta zauna a gidansa cikin baƙin ciki, ba a hukunta mai laifi ba. Bayan shekara biyu aka zubar da jini a gidan. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya bayyana fyaɗe a sashe na 282, ya kuma sa hukuncinsa ya iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda ya sadu da yaron da bai kai shekara 18 ba fyaɗe ya yi, ko da ya ce yaron ya yarda.

A cikin watan Mayu na 2015 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a. Dokar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza. Ta sa ɗaurin rai da rai, kuma ga baligi ba a sauko ƙasa da shekara 12 ba, babu zaɓin tara. Waɗanda suka yi taron dangi kuwa ba a sauko musu ƙasa da shekara 20 ba. Ta umarci kotu ta sa a biya diyya, ta hana buga abin da zai tona sunan mai ƙara, ta kuma mai da ɓata shaida laifi. A ƙarƙashinta ne aka buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a watan Nuwamba na 2019, a hannun Hukumar Hana Fataucin Mutane, watau NAPTIP. Da yake dokar ta Birnin Tarayya Abuja ce, sai kowace jiha ta yi tata, kuma Jihar Taraba ta samu tata a 2022 a zamanin Gwamna Darius Ishaku. Har wa yau Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya tone-tonen rayuwar mai ƙara da wasu mutane a gaban kotu sai da iznin alƙali.

A nan ya wajaba a ja kunnen masu sulhu. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na gado da na aure. Fyaɗe kuwa laifi ne ga ƙasa baki ɗaya, ba bashi ba ne da uba zai yafe a zaure bayan an ajiye masa kuɗi. Wanda aka saka a wannan unguwa, gobe 'yar wata unguwa zai tare. Mafi muni shi ne a ɗaura wa yarinya aure da wanda ya zalunce ta da sunan rufin asiri, domin an miƙa wa kura ajiyar nama ke nan.

JALINGO GARIN KOWA

Tun ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, Jalingo, mazaunin Sarkin Muri, ta zama matattarar Mumuye da Fulani da Jukun da Hausawa da Tibi da Kuteb da Camba da Mambila da sauran ƙabilu masu yawa. Wannan arziki ne, amma yana da tarko biyu. Na ɗaya, a ɓoye mai laifi don namu ne. Na biyu, a ɗauki laifin mutum ɗaya a shafa wa ƙabilarsa ko addininsa, har ƙarar da ya kamata ta tafi kotu ta koma rikicin gari, a manta da yarinyar da ke kwance. Mai fyaɗe sunansa mai fyaɗe, kowane harshe yake ji, kowace alƙibla yake fuskanta.

Akwai kuma waɗanda muryarsu ba ta da ƙarfi a gari: waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu, da 'yan gudun hijirar Kamaru da suka shigo kudancin jihar tun daga 2017, da 'yan aikin gida, da kurame da makafi da masu taɓin hankali. Azzalumi yakan zaɓe su ne don ya san ba mai sauraronsu. Ya kamata a ɗauki darasi daga Jihar Barno, inda wani rahoto na 2016 ya nuna cewa matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram sun tarar da wasu mutanensu suna kiransu annoba, suna ƙyamar 'ya'yan da suka haifa. Sun tsira daga daji, suka faɗa bakin mutane. Kada a bari irin wannan ya sami gindin zama a Taraba.

AIKIN DA KE KAN KOWA

Iyaye su saurari yaro in ya zo da magana, su gaskata shi, su gaya masa ba shi da laifi, sa'an nan su kai shi asibiti a ranar.

Masu unguwa da dagatai su raka iyaye caji ofis, su ƙi karɓar sulhu a kan wannan laifi, su tsawata wa masu tsegumi.

Limamai da fastoci su kawo maganar a huɗuba da wa'azi, su nuna inda laifi yake.

Shugabannin makarantu su karɓi yarinya ta ci gaba da karatunta, su hana 'yan ajinta yi mata gori.

Ma'aikatan lafiya da 'yan sanda su ji ƙara a keɓe, cikin ladabi, ba tare da neman kuɗi ko tambayoyin wulakanci ba. Wanda aka ƙi saurara ya kai kukansa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta Jiha, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Matasa masu wayar hannu su guji yaɗa suna ko hoton wadda abin ya shafa, ko da da niyyar nema mata haƙƙi ne.

Asirin da ya cancanci rufewa shi ne sunan wadda aka zalunta. Aikin azzalumi kuwa a kai shi gaban alƙali. Ciwon jiki likita ne ke warkar da shi, amma ciwon zuciya sai dangi da maƙwabta sun taimaka, ta wurin gaisuwa da ziyara da zama ci daga ƙwarya ɗaya kamar da. Ɗa na kowa ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kare 'ya'yan wannan ƙasa, ya ba shugabanni ikon tsayar da gaskiya, ya zaunar da Jihar Taraba da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.