AMOSANIN JINI: A ƁARGO CUTAR TAKE, IN JI LIKITA

Wannan shi ne jawabin da wani likitan cututtukan jini ya gabatar wa 'yan uwa matasa a garin Karfi ta ƙaramar hukumar Malumfashi. 

Bayan sallama da godiya, likitan ya ce kowa ya san ɓargo, wanda ake fasa ƙashin rago a tsotse, amma kaɗan ne suka san cewa a nan ake yin jini. A cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyi da ya kira ƙwayoyin iri. Daga gare su jajayen ƙwayoyin jini ke fitowa, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke daskarar da jini in an ji rauni. A kowace daƙiƙa ɓargo na fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2.

Ya ce tunda da manoma yake magana, to su ɗauki ɓargo a matsayin gona. Irin da aka shuka shi za a girba. Mai amosanin jini, wato sikila, ya gaji gurɓataccen iri ne daga uwa da uba duka biyu, don haka jajayen ƙwayoyinsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Wannan toshewar ita ce azabar da ke hana yaro barci, musamman da hunturu. Ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20.

Daga nan ya yi bayanin ƙarin jini. Ya ce tamkar a auno hatsi ne a kasuwar Funtua a kai wa wanda gonarsa ta ƙi: zai ci ya rayu, amma baɗi irin nan dai zai shuka. Ƙarin jini na ceton rai, ba ya warkarwa. Ƙaho da tsaga kuwa, ya faɗa da ɓacin rai, zalunci ne ga yaron da dama jinin bai ishe shi ba.

Waraka ita ce a sauya iri, wato dashen ɓargo. Sai an fara sharar gona, a ba maras lafiya magunguna masu ƙarfi su kashe ɓargonsa, sannan a ɗebo ƙwayoyin iri daga ƙashin ƙugun wani mai lafiya a ɗura masa ta jijiya. Da kansu suke gano hanya su shiga ƙashi, cikin 'yan makonni su fara yin sabon jini. A 1984 aka ba da labarin na farko a Amurka, inda aka yi wa wata yarinya dashe saboda sankarar jini, sai ga shi sikilarta ma ta tafi. A Nijeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara a 2011 a hannun Dakta Nosakhare Bazuaye, na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024.

To amma, in ji shi, kada murna ta yi yawa. Ba kowane ɓargo jiki ke karɓa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne na shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma a kan dace ne sau 1 cikin 4. In an samu, kuma yaron ƙarami ne, fiye da 90 cikin 100 na warkewa. Amma akwai waɗanda sabon ɓargon ke juyowa ya yaƙi jikinsu, akwai masu rasa haihuwa, akwai masu rasa rai. Ga kuɗi miliyoyi, waɗanda ko an sayar da gona da shanun huɗa ba za su kai ba. Sabon maganin da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin irin mutum na kansa, an sa masa dala miliyan 2.2.

A nan likitan ya juyo kan samarin. Ya ce kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan AS ne, yana ɗauke da rabin irin ba tare da ya sani ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara a Nijeriya. In AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4. Ya nanata: kowane ciki. Masu cewa ai ɗa ɗaya ne cikin huɗu sun yi kuskuren lissafi, domin ana iya jera uku.

Ya ce jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma gwajin da ake yi ana gobe ɗaurin aure, an kai lefe an raba goro, shi ke sa a ɓoye sakamako ko a nemi takardar ƙarya. Saurayi ya san nasa tun bai fara zuwa zance ba. Kuma kada a rikita shi da gwajin rukunin jini na A, B da O, kowanne daban.

Masu ƙanne ko 'ya'ya da cutar, ya ce su lizimci gidan sauro, da yawan shan ruwa, da rigakafi, su tambayi likita game da haidroksiyuriya, maganin da bincike a asibitocin Kano ya nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓi kuma ba a kwana da shi a gida.

Lokacin tambayoyi, wani ɗan uwa ya ce shi AS ne, ƙaninsa SS, ko zai iya ba shi ɓargo, kuma ba zai nakasa ba? Likitan ya ce AS na iya bayarwa matuƙar gwaji ya nuna sun dace. Ana sa mutum barci ne a ɗiba da allura, ƙugu ya yi tsami na 'yan kwanaki, cikin makonni kaɗan ɓargon ya mayar da abin da aka ɗiba.